Fashin baƙi: Yadda The Zombies suka watse tun kafin babbar waƙarsu ta ci kasuwa

A watan Maris na 1969 wata waƙa mai suna Time of the Season ta hau mataki na 3 a jadawalin waƙoƙin da suka fi tashe na mujallar Billboard ta Amurka, a na mujallar Cashbox kuma ta ɗaya ta zo cur, an sayar da faifanta sama da miliyan guda, gidajen rediyo sai juya ta suke ba dare ba rana. Amma fa ƙungiyar da ta yi waƙar ba ta nan, ta watse sama da shekara guda kafin lokacin, kowa ya kama gabansa, shi mai rera waƙar ma har ya je ya yi zaman ofis a wani kamfanin inshora a Landan saboda ba shi da na kashewa. Sunan ƙungiyar The Zombies, samari biyar ne daga yankin St Albans, wani gari da ke arewa da Landan, tafiyar kamar kilomita 30.

In ka ji an ce ƙungiyar mawaƙan Turawa ta zamanin 1960 ta watse, abin da ke fara zuwa ranka shi ne ƙwaya, ko rigima kan mace, ko wani ya ji kansa ya yi girma ya ce zai tafi shi kaɗai. To waɗannan yaran babu ko ɗaya daga ciki, abokai ne tun suna makaranta kuma har tsufansu ba su yi baran-baran ba. Abin da ya kashe su tsarin kuɗi ne, wato yadda ake raba abin da waƙa ta kawo tsakanin wanda ya rubuta ta da wanda ya rera ta ko ya kaɗa ta, sai kuma rashin sanin halin da kasuwarsu take ciki a sauran duniya. Shi nake so mu warware, don gaskiya labarin yana taɓa ni, mutane ne masu baiwa da aka ci da guminsu tun ba su mallaki hankalin kansu sosai ba.

Bari mu fara da yanayin da suka taso a ciki. Abin da ake kira kiɗan bit salo ne da ya ɓarke a Ingila farkon shekarun 1960, samari huɗu ko biyar, jita biyu, jitar bes, ganguna, waƙa gajera mai minti biyu zuwa uku, ana haɗa muryoyi a amshi, tushensa kuma kiɗan baƙaƙen Amurka ne da yaran Ingila suka riƙa ji a faifai suna kwaikwayo. An daina kwasar samari aikin soja na dole a ƙarshen 1960, aiki ya samu, ana iya ɗaukar jita bashi a riƙa biya kaɗan-kaɗan, sai kowane gari ya cika da ƙananan ƙungiyoyi. Da Beatles suka fito daga Liverpool suka mamaye Ingila a 1963, sannan suka shiga Amurka a watan Fabrairun 1964, kamfanonin faifai sai suka haukace da neman nasu. Kamfanin Decca ma ya fi kowa zaƙewa, don shi ne ya saurari Beatles a farkon 1962 ya ce ba ya so, daga baya ya yi ta cizon yatsa, shi ya sa duk inda aka ce ga wasu yara masu jita sai ya miƙa hannu.

Su kuwa waɗannan sun fara haɗuwa tun 1961. Rod Argent, Paul Atkinson da Hugh Grundy makaranta ɗaya suke, sai aka kawo Paul Arnold mai bes, shi kuma ya jawo abokinsa Colin Blunstone. Ranar haɗuwar farko Blunstone ya zo da karyayyen hanci da ido a kumbure saboda wasan rugbi, sauran har suna tsoron kada a ce wannan ne sabon ɗan ƙungiyar. Da farko tsarin shi ne Argent ya riƙa rera waƙa, Blunstone ya riƙe jita, sai Blunstone ya ji yadda Argent ke taɓa fiyano ya ce kai ai nan ne wurinka, shi kuma Argent da ya ji muryar Blunstone ya ce to kai ne za ka riƙa yi mana waƙa. Wannan musayar ita ce asalin duk abin da ya bambanta su da saura. Argent tun yana yaro yake cikin mawaƙan babban cocin St Albans, don haka ya san yadda ake jera muryoyi hawa-hawa, ga shi kuma mayen jaz ne. Ɗan uwansa Jim Rodford, wanda ke wata ƙungiya da ta fi su suna a garin, shi ya ara musu kayan kiɗa ranar gwajin farko. Arnold bai daɗe ba ya bar su don karatun likita, Chris White ya maye gurbinsa a 1962, kuma shi ne babba a cikinsu da kamar shekara biyu.

Zuwa 1964 sun ma yanke shawarar su haƙura, wasu za su wuce jami'a, White yana shirin zama malamin zane. Sai aka sa wata gasar ƙungiyoyin bit ta yankinsu, aka yi zagayen ƙarshe a zauren taro na garin Watford a watan Mayu, suka cinye, aka ba su fam 250, daga nan hanya ta buɗe zuwa Decca. Furodusan da aka haɗa su da shi Ken Jones ne, shi ya ce musu maimakon ku yi ta maimaita waƙoƙin wasu me zai hana ku rubuta taku, Argent ya koma gida ya rubuto She's Not There, ɗaya daga cikin waƙoƙin farko da ya taɓa rubutawa a rayuwarsa, bai cika shekara 19 ba. Ranar 12 ga Yunin 1964 suka shiga sitidiyon Decca da ke West Hampstead da yamma, kuma yadda Blunstone ke ba da labari, injiniyan da zai ɗauki aikin daga wurin biki ya dawo a buge, ya yi ta surfa musu zagi ta cikin abin kunne har ya faɗi, su da kansu suka kinkime shi suka sa a tasi. Mataimakinsa, wani yaro Gus Dudgeon, shi ya ƙarasa ɗaukar, wanda daga baya ya zama furodusan Elton John.

Duk wanda ya saurari waƙar nan kusa da sauran waƙoƙin bit na shekarar zai ji bambanci nan take. Yawancinsu jita ce a gaba ana ihu ana murna, ita kuwa wannan bes ce ke buɗe ta a hankali, gangar tana ɗan tsallake-tsallake, muryar Blunstone tana fitowa da numfashi a ciki kamar mai raɗa, sai can ta ɗaga sama da ƙarfi a amshi, kuma a inda kowa ke sa jita ta yi kuka su fiyanon lantarki suka sa, da salon jaz. An sake ta a watan Yuli, George Harrison na Beatles ya yabe ta a wani shirin talabijin na BBC da ake yi wa sababbin faifai alƙalanci, ta kai mataki na 12 a Birtaniya, a Amurka kuma ta 2 a Billboard, ta ɗaya a Cashbox. Ka riƙe wannan lamba 12 ɗin, don ita ce mafi girman abin da suka taɓa samu a ƙasarsu har suka watse.

Daga nan sai tafiya. Ƙarshen 1964 suna New York a wasan Kirsimeti na wani shahararren mai gabatar da shirin rediyo Murray the K, a Brooklyn, ana wasa sau da yawa a rana ɗaya tun safe har dare, su fito su yi waƙa ɗaya biyu su koma bayan fage su jira zagaye na gaba, tare da manyan mawaƙa baƙaƙe irin su Ben E. King da Patti LaBelle waɗanda a da sai dai su ji su a faifai. A 1965 Tell Her No ta kai ta 6 a Amurka, suka shiga ayarin mawaƙa na mai gabatar da shirin talabijin Dick Clark ana zagaya jihohi a bas, suka fitar da albam na farko Begin Here, har suka leƙa a wani fim na Otto Preminger. In ka kalle su daga nesa sai ka ce sun haye.

Amma a gida abin ya ƙi. Waƙarsu ta biyu ba ta shiga jadawali ba sam, Tell Her No ɗin da Amurkawa ke rububi a Ingila ta 42 ta tsaya, bayan ita kuma duk abin da suka saki shiru kake ji. Wani ɓangare na laifin na masu tallata su ne. Ofishin yaɗa labarai na Decca ya rasa abin da zai ce game da su sai ya kama maganar cewa yara ne masu ƙwaƙwalwa, aka yi ta ƙirga yawan jarrabawar da suka ci, ga biyu daga cikinsu da tabarau, ga hotuna marasa kyau da aka yi ta yawo da su shekara da shekaru, a daidai lokacin da matasa ke son ƴan tawaye irin Rolling Stones masu gashi buzu-buzu da iyaye ke tsoro. Wa zai liƙa hoton ɗalibin kirki a bangon ɗakinsa? Sannan su kansu sun yi ta ƙorafin cewa furodusan ya nace sai ya maimaita sautin waƙar farko a kowace waƙa, alhali su a dandali sun fi haka ƙarfi da zafi.

To yanzu mu zo kan kuɗi, nan ne zuciyar maganar. Kowace waƙa da ke kan faifai dukiya biyu ce a haɗe. Akwai waƙar kanta, wato baitoci da karin da wani ya zauna ya tsara, wannan ta marubuci ce da kamfanin da ke kula masa da haƙƙin mallaka. Akwai kuma ɗaukar da aka yi a sitidiyo, wannan yawanci tana hannun kamfani ne ko furodusa, mawaƙan kuma a ba su wani ɗan kaso ƙanƙani daga cinikin faifai su raba. Marubuci yana samu duk lokacin da aka buga faifai aka sayar, yana samu duk lokacin da rediyo ta sa waƙar, yana samu in wani mawaƙi a wata ƙasa ya sake rera ta, ko yana barci kuɗin na shigowa. A Amurka ma dokar ta fi tsauri, gidan rediyo marubuci da kamfaninsa kawai yake biya, wanda ya rera ko ya kaɗa ganga ko sisi ba ya gani daga wannan ɓangaren. Kuma ƙaramin faifai na lokacin fuska biyu gare shi, waƙar gaba da ta baya, wanda ya rubuta ta bayan shi ma yana da kasonsa a kowane faifai da aka saya ko da ba wanda ya juya ya saurare ta. A faifan She's Not There, Argent ne da gaba, White ne da baya.

Ka ga ke nan a cikin mutum biyar, biyu ne ke rubutu. Argent da White sun yi dace kamfanin da ke riƙe musu haƙƙin waƙoƙi, Marquis, masu amana ne, kuɗinsu na zuwa daga ƙasashe daban-daban yadda ya kamata. Blunstone da Atkinson da Grundy kuwa abincinsu yana kan dandali, in an yi wasa a ci, in ba a yi ba a kwana haka. Kamar gona ce guda, biyu su ne masu ita, ukun kuma ƴan ƙodago, rana ɗaya ke dukansu, amma ranar girbi rumbun mutum biyu ake cikawa. Mota ɗaya suke shiga, otal ɗaya suke kwana, murya ɗaya mutane suka sani wato ta Blunstone, amma shi mai muryar yana cikin waɗanda aljihunsu ba komai. Kuma ba wai Argent da White sun cuce su ba ne, haka tsarin yake a ko'ina, har yau ma bai canza sosai ba, shi ya sa wasu ƙungiyoyin da suka zo daga baya suka riƙa sa sunan kowa a matsayin marubuci don kada wannan ramin ya haɗiye su.

Da a ce kuɗin wasan na isowa hannunsu cikakke da da sauƙi. Amma tsakanin mai sayen tikiti da mai riƙe da jita akwai mai shirya wasa, akwai ejan, akwai manaja, kowa da la'adarsa, kuma yaran da suka sa hannu a kwantiragi suna shekara 18 da 19 ba su san nawa aka sayar da su ba, abin da aka ce musu shi ne kawai suka sani. Shekara uku suna kan hanya kusan kullum, amma ukun nan ba su tara komai ba.

Inda idonsu ya buɗe shi ne ƙasar Filifin, a watan Maris na 1967. An ce musu su je su yi wasa na kwana goma, su a tunaninsu wani ɗan ɗakin otal ne za su riƙa nishaɗantar da baƙi, tunda a gida kasuwarsu ta mutu. Suna sauka cikin dare suka tarar da cincirindon jama'a a filin jirgi, ashe waƙoƙinsu da dama suna tashe a ƙasar ba su sani ba. Wurin wasan kuma Araneta Coliseum ne a yankin Manila, ɗaya daga cikin manyan rufaffun filaye na duniya a lokacin, inda daga baya Muhammad Ali da Joe Frazier suka dambata a 1975, mutum dubbai kan dubbai kowane dare. Abin da aka yi ciniki za a ba su kuwa bai wuce fam 100 a dare ba, su biyar su raba. Ko yaro ya kalli yawan kawunan da ke wurin ya san wani yana kwasar dukiya a wani wuri, kura da shan bugu gardi da karɓe kuɗi. Suna dawowa Ingila suka raba gari da mai kula da harkokin wasanninsu, zamansu da Decca ma ya ƙare, suka wayi gari ba manaja ba kamfani.

Wannan tafiyar ta nuna matsala ta biyu, wato rashin labari. Yau yaro yana ɗakinsa zai buɗe waya ya ga a wane gari ake jin waƙarsa da mutum nawa. A 1966 jadawalin Birtaniya da na Amurka kawai suke gani a jarida, abin da ke faruwa a Japan ko Siwidin ko Filifin sai bayan watanni, in ma ya zo, kuma ta hanyar takardar kuɗin marubuta yake zuwa, wato su ukun da suka fi buƙatar ƙwarin gwiwa su ne na ƙarshen sani. Blunstone ya sha faɗa daga baya cewa sun ɗauki kansu a matsayin waɗanda suka gaza, sai da shekaru suka wuce suka gane kusan kowane lokaci suna da waƙar da ke tashe a wata ƙasa. Wallahi wannan ya fi ba ni tausayi fiye da maganar kuɗin ma, mutum ya ajiye sana'arsa yana ganin ba a son shi alhali ana can ana neman sa.

Duk da haka Argent da White suka ce kafin a tashi sai sun yi albam ɗaya da hannunsu, ba furodusan da zai ce musu ga yadda za a yi. Kamfanin CBS ya yarda ya ba su fam 1,000, kuɗin da ko a lokacin bai taka kara ya karya ba. Suka shiga sitidiyon Abbey Road a Landan a watan Yunin 1967, Beatles ba su daɗe da gama albam ɗinsu Sgt. Pepper a wurin ba, har da injiniyansu Geoff Emerick a cikin waɗanda suka yi musu aiki. Da yake ba kuɗin ɓata lokaci, sai su yi ta gwaji a waje har waƙa ta zauna daram, in sun shiga sitidiyo a ɗauke ta cikin ƴan awoyi. Ba kuɗin ɗauko masu goge na gaske, sai Argent ya yi amfani da Mellotron da ya tarar a wurin, wata na'ura ce mai kama da fiyano wadda kowane maɓalli yake da zaren kaset a ƙarƙashinsa ɗauke da sautin goge ko sarewa, ka danna ya kunna, kuma Argent ya ce ta John Lennon na Beatles ce aka bari. Talaucin nan shi ya ba albam ɗin sautin da ake yabo yau. Da aka gama CBS suka ce suna son a sake haɗa shi a sitiriyo, wato sauti ya rabu tsakanin sifikar dama da ta hagu, kuɗi kuma sun ƙare, Argent da White suka zaro daga kuɗinsu na rubutu suka biya, abin da sauran ukun ko sun so ba za su iya ba.

Albam ɗin shi ne Odessey and Oracle, waƙa 12, White ya rubuta bakwai Argent biyar. Ni a ganina ba a ba White haƙƙinsa a labarin nan, kowa Argent da Blunstone yake ambata alhali mafi yawan waƙoƙin nasa ne. Kuma dubi abubuwan da suka ɗauko, waƙar buɗewa wasiƙa ce zuwa ga masoyiyar da ke kurkuku ana jiran fitowarta, an yi ta da kiɗan farin ciki, wata kuma White ya rera da kansa da muryar da ke rawa, a bakin wani mahauci da aka kai fagen yaƙin duniya na ɗaya. Ita kuwa Time of the Season ita ce ta ƙarshe da aka rubuta, a gurguje, Blunstone bai ma so ta ba, Argent yana ɗakin injiniya yana ta gyara masa yadda zai ja wasu kalmomi har ransa ya ɓaci ya ce in ka fi ni iyawa zo ka rera da kanka, Argent ya ce kai ne mawaƙin, tsaya nan sai ka yi daidai. Da wannan ɓacin ran aka ɗauki muryar da miliyoyin mutane ke ji a matsayin mafi sanyin murya.

A ƙarshen 1967 CBS ta saki waƙa biyu daga ciki, Friends of Mine da Care of Cell 44, duka ba wadda ta motsa. Lokacin ma bai taimaka ba, a watan Agusta gwamnati ta rufe yawancin gidajen rediyon da ke watsa shiri daga jiragen ruwa a teku, waɗanda su ne ke ba ƙananan waƙoƙi dama, aka bar kusan kowa yana layi a ƙofar sabuwar tashar BBC guda ɗaya, ga kuma zamani ya juya, Jimi Hendrix da Cream sun shigo da jita mai ƙara da waƙa mai tsawo, duk wanda aka sani da sunan ɗan bit na 1964 an fara yi masa kallon tsohon yayi. Kuɗin da ake ba su a wasa ya yi ƙasa. Atkinson yana shirin aure, ya fito fili ya ce shi kam ba zai iya ci gaba ba don ba shi da kuɗi, Argent ya ce in ɗaya ya fita to a haƙura gaba ɗaya. A tsakiyar Disamban 1967 suka yi wasansu na ƙarshe. Argent da Blunstone suna da shekara 22, Atkinson 21. Albam ɗin bai fito ba sai watan Afrilun 1968, ba ƙungiyar da za ta tallata shi, masu sharhi sun yaba, masu saye ba su zo ba.

Da a nan labarin zai tsaya in ba don Al Kooper ba, wani mawaƙin Amurka da ya fara aikin furodusa a Columbia, wato kamfanin faifan CBS na Amurka. Ya zo Landan ya sayi tarin faifai, wannan ya fita daban a kunnensa, ya koma ya matsa wa shugaban kamfanin Clive Davis lamba kan lallai a fitar da shi a Amurka, aka fitar a ƙarƙashin wani ƙaramin reshe mai suna Date. Suka fara tura waƙar mahaucin nan suna ganin za ta shiga saboda yaƙin Biyetnam, ba ta shiga ba. Sai can aka saki Time of the Season, ta yi watanni kwance, har wani gidan rediyo a garin Boise na jihar Idaho ya kama sa ta, masu sauraro suka yi ta bugo waya, daga nan ta bazu gari-gari. A Birtaniya kuwa ba ta taɓa shiga jadawali ba.

Waƙa na tashe, masu ita ba sa nan, kuma ba wanda ya san fuskokinsu sosai a Amurka, to ka san ƴan damfara ba za su bari ba. Wani kamfanin shirya wasa a jihar Michigan, Delta Promotions, ya haɗa ƙungiyoyin bogi har biyu suna yawo da sunan The Zombies a 1969. Ɗaya daga Texas aka kwaso su, su huɗu, ko mai fiyano babu, a ƙungiyar da fiyano ne ƙashin bayanta, har akwai inda aka ce ai mawaƙin ya mutu a hatsarin mota. Biyu daga cikin yaran Texas ɗin, Dusty Hill da Frank Beard, su ne daga baya suka zama kashi biyu cikin uku na shahararriyar ƙungiyar ZZ Top. Su ma yara ne masu neman abinci aka yi amfani da su, amma ka duba abin, kuɗin dandali da rashinsa ya kori mutum uku daga sana'a, ga shi ya zo a ƙarshe, wasu can ke karɓa da sunansu.

An yi wa na gasken tayin kuɗi masu yawa su dawo, Argent ya ƙi, ya riga ya kafa sabuwar ƙungiya da sunansa tare da Jim Rodford da Russ Ballard da Bob Henrit, White yana rubuta musu waƙa daga bayan fage, kuma a 1972 suka samu babbar waƙa Hold Your Head Up wadda ta kai ta 5 a Birtaniya da Amurka. Na fahimci dalilinsa, mutum ne mai kallon gaba kuma ba ya son a ce kuɗi ne ya dawo da shi, amma a nan ina ganin ya kamata a faɗi gaskiya, shi da White suna da halin cewa a'a saboda kason Time of the Season yana shigo musu ko sun hau dandali ko ba su hau ba, su ukun kuwa zagaye ɗaya na Amurka a 1969 zai iya zama karo na farko da za su riƙe kuɗin kirki daga sunan da suka gina. Ko a wajen ƙin dawowar ma tsarin nan ne ya yanke wanda ke da zaɓi da wanda ba shi da shi.

Blunstone ya bar inshora ya koma waƙa, da farko da sunan aro Neil MacArthur, daga baya da sunansa, kuma Argent da White ne suka yi masa furodusan albam ɗinsa One Year a 1971, wanda ke nuna maka ba gaba a tsakaninsu. Atkinson da Grundy suka shiga aikin kamfanin faifai, ɓangaren farauto sababbin mawaƙa, Atkinson ya yi nisa sosai a wannan layin a Amurka kafin rasuwarsa a 2004. Shahararren mai jita Santana ya sake yin She's Not There a 1977 ta sake tashe. Shi kuwa albam ɗin da ba wanda ya saya a 1968 sai ya riƙa tafiya daga hannu zuwa hannu, mawaƙa irin su Paul Weller suna ambatonsa a matsayin wanda suka fi so, mujallar Rolling Stone ta sa shi na 80 a jerin manyan albam 500 a 2003. Sai a 2008 su huɗun da suka rage suka taru a Shepherd's Bush Empire a Landan suka kaɗa shi daga farko har ƙarshe a gaban jama'a, shekara 40 bayan fitowarsa, karo na farko ke nan. An shigar da su Rock and Roll Hall of Fame, wato zauren karrama gwarazan kiɗan rok na Amurka, ranar 29 ga Maris 2019 a Brooklyn. Argent da Blunstone sun ci gaba da yawon wasa da sunan ƙungiyar tun farkon shekarun 2000 har zuwa Yulin 2024, lokacin da Argent ya samu bugun jini, likitoci suka ba shi shawara ya daina tafiye-tafiyen wasa.